Kakin Ganye a Lakar Teku: Nazarin Gardamar Bushewar Sahara

Ruwan Kano ba ya zuwa teku. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, su bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, abin da ya yi saura ya bi Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi, wanda shi ma ba shi da mafita. Ganyen da ya faɗi a Zariya yana da hanya: Kubanni ta miƙa wa Galma, Galma ta miƙa wa Kaduna, Kaduna ta zuba a Neja. Namu bai sami wannan gata ba. Duk abin da ya tashi daga gonakin Kano har ya isa Tekun Atlantika, kusan kilomita 800 daga nan, to iska ce ta kai shi.

Kuma tana kaiwa. Idan hunturu ya kankama, hazo ya ɓoye Dala da Gwauron Dutse har jirage su kasa sauka a filin Malam Aminu Kano, babban tushen ƙurar shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta fito da ƙarfi ta kwashi busasshen ƙasan wani tsohon tafki. Grant McTainsh ya auna zubar wannan ƙura a arewacin Najeriya, ya buga sakamakon a mujallar Nature a 1980. A 1982 Cox da Mazurek da Simoneit suka buga wani binciken a mujallar, su kuma sun tace ƙurar hunturun Najeriya ne don su ga maiƙon da ke cikinta. Abin da suka tarar shi ne kakin ganyen tsirran tudu. Wato ƙurar ba ƙasa zalla ba ce. A hanyarta tana goge ciyawa da itatuwa, tana share saman gonaki, ta tafi da kakinsu. Tun 1832 ma Charles Darwin ya tattara ƙurar da ke sauka a kan jirgin ruwa kusa da tsibiran Cape Verde, ya aika wa Ehrenberg, wani masanin ƙananan halittu a Jamus, shi kuma ya ƙirga nau'i 67 na ɓurɓushin halittu a ƙunshi biyar, kusan duk na ruwan daɗi da na tsirran tudu.

Abin da ya faɗa teku yana nutsewa ya kwanta a ƙasa, na bana a kan na bara. Lamarin da za a duba a nan shi ne yadda aka yi amfani da wannan kaki wajen shiga tsakanin masana da suka yi shekaru suna jayayya a kan tambaya ɗaya: shin Sahara farat ɗaya ta bushe, ko a hankali?

Abin da ba a jayayya a kansa

Tsakanin shekara kusan 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, Sahara ciyawa ce da itatuwa da tafkuna. Tafkin Chadi na wancan zamani ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 360,000, kwarin Bodele yana cikinsa tsundum. Farar ƙurar da ke tasowa daga can yau galibinta ɓawon ƙananan halittun ruwa ne da suka rayu suka mutu a tafkin. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, Paul Sereno da tawagarsa sun tarar da kaburbura kusan 200 a bakin tafkin da ya ƙafe, ga ƙasusuwan kada da dorina da giwan ruwa.

Dalilin ma an san shi. Duniya tana ɗan layi a kan juyawarta, zagayen layin yana ɗaukar shekara kusan 21,000. Shekara 10,000 da suka wuce, lokacin daminarmu ya dace da lokacin da duniya ta fi kusa da rana, sai hasken ranar da ke sauka a arewacin duniya a wannan lokaci ya ɗara na yau da kusan kashi 7 cikin 100. Ƙasa ta fi ɗaukar zafi, ta fi janyo iska mai laima daga teku, damina ta yi nisa zuwa arewa. Wannan ƙarin haske a hankali ya riƙa raguwa cikin dubban shekaru. A nan gizo ke saƙar: sanadin a hankali ya tafi, to shi ruwan fa?

Ga mutumin Kano wannan ba tambayar nishaɗi ba ce. Muna zaune a digiri 12 arewa da ikwaita, abincinmu na shekara yana rataye ne a kan ruwan wata huɗu. An yi Kakalaba a 1913 zuwa 1914, an yi farin 1972 zuwa 1973, an yi na 1983 zuwa 1984, amma duk ruwan ya dawo. Ma'aunin ruwan sama kuwa a farkon ƙarni na 20 aka fara ajiye lissafinsa a nan, bai isa ya gaya mana ko damina tana iya janyewa ta ƙi dawowa ba, balle a cikin shekara nawa.

Ɓangarori biyu

A 1986 jirgin haƙa mai suna JOIDES Resolution ya tsaya daura da Cap Blanc a gaɓar Muritaniya, inda zurfin ruwa ya kai mita 2,263, ya zura bututu ya ciro dogayen sandunan laka. An sa wa wurin lamba 658. An zaɓe shi ne don laka tana taruwa da sauri a can, kusan santimita 20 a shekara dubu, alhali a tsakiyar teku santimita biyu ko uku ake samu. A 2000 Peter deMenocal na Jami'ar Columbia da abokan aikinsa suka auna yawan ƙurar tudu da ke cikin sandar 658C daga ƙasa zuwa sama. Suka ga ƙurar ta ragu kwatsam shekara 14,800 da suka wuce, ta kuma ƙaru kwatsam shekara 5,500 da suka wuce, cikin abin da bai wuce 'yan ƙarnuka ba. Hukuncinsu shi ne Sahara farat ɗaya ta bushe. Bayanin da aka bayar ya yi daidai da abin da Jule Charney ya kawo tun 1975, lokacin farin Sahel: idan ciyawa ta ragu, ƙasa mai haske takan mayar da hasken rana sama, ruwa ya ƙara raguwa, ciyawa ta ƙara mutuwa, abin ya riƙa ciyar da kansa.

A 2008 Stefan Kröpelin na Jami'ar Kolon da tawagarsa suka ce ba haka ba. Sun haƙo lakar Tafkin Yoa a Ounianga, arewacin Chadi, tafkin da bai ƙafe ba cikin shekara 6,000 saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke ciyar da shi. Garin furen da ke cikin lakar ya nuna itatuwan kudu sun fara ɓacewa, sannan ciyawa ta riƙa raguwa, sannan tsirran hamada suka shigo, cikin dubban shekaru. A wurinsu babu wani farat ɗaya.

Abin lura shi ne babu wanda ya auna ruwan sama a cikinsu. Ƙura tana ba da labarin ƙarfin iska da tsiraicin ƙasa. Tafki zai iya yin shekara dubu yana ja da baya ba tare da ƙura ta tashi ba, ranar da ƙasansa ya fito fili sai ta turnuƙe. Garin fure kuma yana ba da labarin tsirrai, tsirrai kuwa suna da haƙuri, wasu ma ruwan ƙasa suke sha. Shari'ar tana bukatar shaidar da ya ga ruwan da idonsa, kuma kakin ganye shi ne aka gabatar.

Shaidar

Duk wanda ya taɓa karan dawa ɗanye ko sandar rake ya san farin garin nan da ke maƙale wa hannu. Ganyen tumfafiya ma yana da shi. Kaki ne da tsiro ke shafe jikinsa da shi don kada rana ta tsotse masa ruwa. A 1967 Geoffrey Eglinton da Richard Hamilton suka bayyana ƙirarsa a mujallar Science. Wani muhimmin ɓangarensa, wanda ake kira alken, dogayen jerin atom ɗin kabon ne da haidurojin a gefe da gefe. A tsirran tudu jerin yakan kai kabon 25 zuwa 35, kuma masu adadin wutiri sun fi yawa nesa ba kusa ba: 27, 29, 31, 33. Gansakukar teku tana yin gajeru, 15 ko 17 ko 19. Ɗanyen mai kuma bai bambanta wutiri da shafa'i ba, zafin ƙarƙashin ƙasa ya riga ya daidaita su. Saboda haka idan aka raba yawan masu wutiri da na masu shafa'i aka sami abin da ya kusanci 1, to mai ne ko tsohon dutse ya gurɓata samfurin. Idan aka sami 4 ko 5 ko fiye, ganye ne. Wannan alken ba ya narkewa a ruwa, bakteriya ba sa saurin cinye shi, yana iya kwanciya a laka shekara miliyoyi.

Ba shi kaɗai ne alamar tudu ba. Akwai lignin, sinadarin da ke sa itace tauri, wanda babu shi a gansakukar teku. John Hedges da Dale Mann sun nuna a 1979 cewa idan aka farfasa shi ana iya rarrabe itace da ganye, da kuma tsirrai masu fure da dangin fir, itatuwan ƙasashen sanyi marasa fure. Akwai taraksarol, wanda ya yawaita a ganyen itatuwan bakin teku irin na yankin Neja Delta. Akwai lebogulukosan, wanda ke fitowa idan aka ƙona kara ko itace. Akwai kuma wani maiƙo na fatar bakteriyar ƙasa, wanda masana a Holan suka gina ma'aunin BIT a kansa a 2004, daga 0 na tsakiyar teku zuwa 1 na ƙasar tudu. Da wannan maiƙo ne Johan Weijers da abokansa suka nuna a 2007, daga lakar bakin Kogin Kwango, cewa zafin yankin ya ƙaru da kusan digiri 4 tun ƙarshen zamanin ƙanƙara. Sai dai lignin da maiƙon bakteriya kogi ne ya fi ɗaukarsu. A gaɓar Sahara babu kogi yau, don haka kakin da ke tashi da iska shi ne abin dogaro.

Ana yi masa tambaya biyu. Ta farko: wane irin tsiro ne ya yi ka? Tsirrai suna da hanyoyin kama iskar kabon daban-daban. Gero, dawa, masara, rake, gamba da ƙarangiya suna bin hanyar da ake kira C4. Shinkafa, alkama, wake, gyaɗa da itatuwa irin su kuka, gawo, tsamiya da ɗorawa suna bin C3. Kusan kashi 1 cikin 100 na kabon ɗin duniya yana da ɗan ƙarin nauyi, shi ne kabon-13, kuma 'yan C3 sun fi ƙyamarsa. Idan aka gwada da ma'aunin da aka amince da shi, kakin 'yan C3 yakan gaza da kusan kashi 35 cikin dubu, na 'yan C4 kuma da kusan 21. Abin da aka samu a laka yana faɗawa tsakani, daga nan a ƙiyasta rabon ciyawa da itace.

Tambaya ta biyu ita ce wadda ta shafi gardamar: wane irin ruwa ka sha? Haidurojin da ke cikin kakin daga ruwan da tsiron ya tsotsa ya fito, ruwan kuma daga sama. A cikin kowane atom 6,400 na haidurojin, kusan ɗaya mai nauyi ne, ana kiransa diyuteriyam. Ruwa mai nauyi shi ke fara zubowa daga hadari. A ƙasashe masu zafi, idan damina ta yi ƙarfi, hadari ya yi ta zuba a hanya, abin da ke sauka yakan zama mai ƙarancin diyuteriyam. Idan ruwan yayyafi ne a busasshiyar iska, wani kaso ya ƙafe tun bai iso ƙasa ba, mai nauyin ne ke saura. Tsiro yana kulle wannan bambanci a kakinsa, kuma a yanayin sanyin ƙasan teku haidurojin da ke ɗaure da kabon ba ya musanya da na ruwan da ke kewaye.

Aikin awon yana da wahala. A yanki laka, a busar da ita cikin sanyi, a wanke maiƙonta da sinadarai masu narkar da mai, a tace ta cikin garin silika har alken ya ware. Sai a tura shi cikin wani siririn bututu mai tsawon mita 30 zuwa 60 da ke nannaɗe a cikin tanda, gajerun jeri su riga dogaye fitowa. Kowanne ya fito a ƙona shi, ko a farfasa shi a zafin digiri kusan 1,400 idan haidurojin ake nema, na'ura ta auna nauyin. John Hayes da ɗalibansa a Amurka ne suka daidaita wannan dabara ga kabon wajen 1990, ta haidurojin kuma sai ƙarshen shekarun 1990. Shekarun lakar kuma daga kabon-14 na ɓawon wasu ƙananan halittun teku ake gano su.

Abin da ya faɗa

A 2007 jirgin bincike Oceanus ya bi gaɓar yammacin Afirka yana ciro sandunan laka. Huɗu daga ciki, masu lamba GC68, GC49, GC37 da GC27, sun jeru daga digiri 19 arewa da ikwaita daura da Muritaniya zuwa digiri 31 daura da Maroko. David McGee ya fara auna ƙurarsu da wata dabara da ta fi ta 2000 inganci, a 2013 ya tabbatar cewa ta ƙaru da sauri wajen shekara 4,900 da suka wuce. Sannan a 2017 Jessica Tierney da Francesco Pausata da deMenocal suka buga awon kakin, na shekara 25,000.

Abu uku suka fito. A zamanin ni'imar Sahara ruwan ya kai kusan ninki goma na yau, a yankin da yanzu ke samun milimita 35 zuwa 100 a shekara. Ya kuma kai har digiri 31 arewa da ikwaita, nesa ƙwarai da inda aka zata damina ta tsaya. Na uku shi ne ya fi ba ni sha'awa: wajen shekara 8,000 da suka wuce, a tsakiyar zamanin ni'imar, an yi tsaiko na kusan shekara dubu da ruwan ya ja baya. A Gobero kuwa, tun kafin wannan awo, masu tono sun riga sun ga cewa mutanen farko sun bar wurin wajen 6200 kafin haihuwar Annabi Isa, wasu mutane daban suka zo wajen 5200. Kabari a Tenere da laka a ƙasan Atlantika, babu wanda ya san da wani, suka faɗi magana ɗaya. A ganina wannan dacewa ta fi kowane lissafi ƙarfafa dabarar.

Sakamakon ya kuma tona asirin manhajojin hasashen yanayi. Idan aka ba su ƙarin hasken rana kaɗai, ba sa iya kai damina inda kakin ya ce ta kai. Sai an sa musu ciyawa a Sahara, an kuma rage musu ƙura, sannan suke kusantar gaskiya. Waɗannan manhajoji kuwa danginsu ne ake tambaya yadda daminar Sahel za ta kasance nan da shekara hamsin.

Tazkiya

Alƙali ba ya karɓar shaida sai an binciki adalcinsa, kuma wannan shaidar yana da abubuwan da za a tuhume shi da su.

Na taɓa bayanin nan a aji, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ke nan kakin dawarmu ne suka tono a Muritaniya?" Na ce, "A'a, Malama, duba taswira ki ga inda hunturu ya dosa." Iskar da ke ratsa Kano kudu maso yamma take yi, zuwa Mashigin Tekun Gini, ta wuce har Kudancin Amurka. Gaɓar Muritaniya da Maroko kuwa daga yammacin Sahara take samun ƙurarta. Sandunan nan huɗu labarin can suke bayarwa. Kuma ko a can ɗin, babu mai iya nuna gonar da kakin ya fito. Iska tana gauraya na yanki mai faɗin ɗaruruwan kilomita, wurin da ya fi ganye ya fi yawan murya, ko da ba shi ne ya fi faɗi ba.

Sannan hanyar zuwan ma tana canzawa. A 2015 Charlotte Skonieczny da abokanta suka gano, da hoton rada daga tauraron ɗan'adam, kwarin wani babban kogi da yashi ya binne a Muritaniya, wanda ake kira Tamanrasset, yana fuskantar wani kwazazzabo a ƙasan teku daura da Cap Timiris. A zamanin ni'ima kogin yana gudu. Ke nan kakin da ya iso a lokacin, wani ta ruwa ya zo daga wani yanki, na lokacin fari kuma ta iska daga wani yankin. Wani kaso na canjin da ake gani a laka zai iya zama canjin tushe ne.

Na uku, shaidar yana makara. Kaki yakan kwanta a ƙasar gona ko ƙasan tafki kafin iska ta tashe shi. Timothy Eglinton, ɗan Geoffrey, ya auna ƙurar da ta sauka a kan wata na'ura mai iyo a teku daura da arewa maso yammacin Afirka, a 2002 ya ba da rahoton cewa kakin da ke ciki ya yi shekaru ɗaruruwa. Bayan ya isa ƙasan teku ma, tsutsotsi suna cuɗa saman lakar har zurfin kusan santimita 10. Inda laka ke taruwa santimita 20 a shekara dubu, wannan cuɗawa ta shekara 500 ce. Saboda haka idan masanin laka ya ce farat ɗaya, yana nufin ƙarni biyu ko uku ko biyar. Ko da abin a cikin rayuwar mutum ɗaya ya faru, lakar ba za ta iya nunawa ba.

Na huɗu ya fi sauran sarƙaƙiya. Ciyawa da itace ko ruwa ɗaya suka sha ba sa ba da diyuteriyam iri ɗaya, na ciyawa ya fi ƙaranci. Idan daji ya koma ciyawa, awon zai motsa ko ruwa bai canza ba. Shi ya sa ake auna kabon-13 tare, a yi gyara da shi. Ana kuma gyara saboda ƙanƙarar da ta taru a doron duniya a da, wadda ta canza nauyin ruwan teku kansa. Kowane gyara yana shigo da nasa kuskuren. Don haka na fi amincewa da siffar labarin, wato yaushe ruwa ya ƙaru, yaushe ya ragu, fiye da adadin milimitar da aka ɗora masa. Ninki goma ƙiyasi ne mai faɗin baki.

Ɓangarenmu

Sandar da ta fi kusa da labarinmu ita ce GeoB4905-4, wadda aka ciro a Mashigin Tekun Gini daura da Kamaru. Kakinta yana zuwa daga kogunan Kamaru da kuma ƙurar tsakiyar Sahel da Sahara, wato hanyar hunturu. James Collins da abokan aikinsa sun buga awonta a 2017: ruwa mai yawa a zamanin ni'ima, sannan raguwa mai sauri tsakanin shekara 5,800 zuwa 4,800 da suka wuce. Sun danganta saurin da sanyin da ya shiga can arewacin duniya a lokacin. A ɗaya gefen nahiyar, Tierney da deMenocal sun riga sun sami irin wannan a 2013 daga lakar Mashigin Aden, inda ruwan ƙahon Afirka ya ragu cikin 'yan ƙarnuka wajen shekara 5,000 da suka wuce.

Amma a 2015 Timothy Shanahan ya auna kakin Tafkin Bosumtwi a Ghana, ya haɗa da bayanan wurare da yawa, ya nuna cewa ni'imar ba rana ɗaya ta ƙare a ko'ina ba. Arewa ta fara bushewa, abin ya riƙa gangarowa kudu, Bosumtwi ba ta ji a jika ba sai wajen shekara 3,000 da suka wuce. A shekarar ce kuma Simon Armitage da abokansa suka auna tsoffin gaɓoɓin Tafkin Chadi suka ga babban tafkin ya faɗi da sauri wajen shekara 5,000 da suka wuce, amma kwarin Bodele bai gama ƙafewa ba sai kusan shekara 1,000 da suka wuce. Idan wannan lissafi ya tsaya, hazon da muka sani a yau sa'an gidan Bagauda ne, wanda tarihin Kano ya sa zuwansa a 999.

Hukuncin da na ga ya fi dacewa da hujjojin shi ne kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Idan aka dubi nahiyar gaba ɗaya, damina ta yi dubban shekaru tana janyewa kudu, kamar yadda raguwar hasken rana ta tanada. Idan aka tsaya a wuri ɗaya, musamman wurin da ke bakin iyakar damina, ranar da iyakar ta wuce ka ta wuce, kuma canjin yana iya zuwa cikin 'yan ƙarnuka. Kröpelin bai yi kuskure a kan Yoa ba, deMenocal bai yi kuskure a kan ƙurar Cap Blanc ba, kowannensu dai ya faɗaɗa maganarsa ta wuce inda ya tsaya. Kakin ganye bai kashe gardamar ba, amma ya mayar da ita daga "farat ɗaya ko a hankali" zuwa "a ina, kuma yaushe", wadda ita ce tambayar da ake iya amsawa.

Sandunan 658 suna ajiye a rumbun sanyi na Bremen a Jamus, kuma ƙa'idar shirin haƙar ta ba kowane mai bincike damar neman samfuri, daga kowace ƙasa yake. Na'urar awon ce mai tsada. Amma raunin da ya fi damun dabarar a tudu yake, ba a teku ba. Duk fassarar diyuteriyam zuwa milimita tana dogara ne a kan sanin nauyin ruwan saman yau da kakin tsirran yau, kuma tashoshin da suka auna wannan a Sahel ba su da yawa. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ta yanayi sun kafa tsarin tattara ruwan sama don wannan awo a 1961, Kano tana cikin tashoshin farko, tare da irin su Bamako da Njamena. Tattarawar ba ta bukatar komai sai mazurari da kwalba, a zuba ɗan man farafin ya rufe saman ruwan don kada ya ƙafe, a juye a ƙarshen kowane wata a toshe a rubuta kwanan wata. Ganyen gero da dawa da gamba da gawo kuma ana tsinka a busar a inuwa, a naɗe a takardar alminiyam maimakon leda, domin ledar daga mai aka yi ta kuma tana iya gurɓata samfurin. Ƙurar hunturu ana tara ta a faranti mai tsabta a kan rufi, nesa da hayaƙin janareta da na titi, saboda a cikin birni ragowar man inji yana sauko da rabon wutiri da shafa'i zuwa kusa da 1, ya rufe na ganyen.